Tuwo bai yi muku komai ba: amsar tambayoyin da kuka ishe ni da su kan abinci

Aikina ba wa marasa lafiya shawarar abinci ne a wani asibiti a nan Kano, amma aikin ya ƙi tsayawa a asibiti. Kwanaki na je biki a Gwammaja, ko mayafi ban ajiye ba wata ta jawo ni lungu ta buɗe min kular waina, wai in faɗa mata guda nawa za ta ci. A gidan gaisuwa ma ban tsira ba. Tambayoyin kuma su ne dai, kullum su ne. To ga su nan na rubuta, wanda ya sake tare ni zan ce ya je ya karanta.

Wai mene ne kalori ɗin nan?

Ma'auni ne, kamar yadda ake auna fetur da lita. Da shi ake auna ƙarfin da abinci ke ba jiki. Giram ɗaya na sitaci ko sukari kalori 4 ne, na furotin, wato abin gina jiki, 4, na mai ko kitse 9. Wannan 9 ɗin nake so ku riƙe.

Nawa nake buƙata a rana?

Abin da ake yawan faɗa shi ne kusan 2,000 ga mace, 2,500 ga namiji. Ƙiyasi ne kawai. Ɗan dakon da ke sauke buhuna a Singa da Alhajin da ke zaune kan darduma a shagonsa na Kwari tun hantsi har la'asar ba cikinsu ɗaya ba, ko da tsayinsu ɗaya.

Wallahi ba na cin abin kirki, amma teɓa sai ƙaruwa take yi.

Alhaji, ban ce ka yi ƙarya ba. Abin da kake lissafawa a abinci shi ne wanda aka kawo maka a kwano aka ce bismilla. Sauran duk ba ka sa shi a lissafi.

Mu fara da teburin mai shayi. Na taɓa tsayawa sayen biredi ina kallon haɗin da ake yi wa wani bawan Allah: madara rabin gwangwani, sukari ƙwaya biyar, Bournvita cokali biyu a cike, aka yi ta ɗaga kofi sama ana juyawa har ya yi kumfa. Biredi aka tsaga aka shafe da bota, ƙwai uku aka soya cikin man da sai da ya yi iyo. Da mutumin ya gama ya share baki ya ce wa abokinsa, "Yau ko karyawa ban yi ba, shayi kawai na sha."

Da rana garau-garau. Shinkafa da wake ba su da laifi, man da ake kwararawa a kai ne zancen. Babban cokali ɗaya na mai kalori 120 ne, kuma wa ya taɓa ganin mai garau-garau ta auna da cokali? Gwangwanin madara ɗaya na mai, wanda uwargida ke juyewa a miya ba ta ko duba ba, ya haura kalori 1,200. Sai a kora da lemon roba: irin na kola mai 50cl sukarinsa ya kai giram 50, wato ƙaramin cokali goma sha biyu, kalori 200 da ba sa ƙosar da kowa. Hukumar Lafiya ta Duniya cewa ta yi sukarin da ake ƙarawa kada ya kai kashi goma cikin ɗari na abincin yini, wanda ga yawancin manya wannan giram 50 ɗin ne, in da hali ma rabinsa. Kwalba ɗaya ta cinye rabon yini. Ga gyaɗar da ake ɓarewa ana hira, giram 100 ɗinta ya haura kalori 550. Da dare tsire da ƙuli da kitse, sannan a zo gida a ga tuwo a ce shi ne mai laifi.

Manja ko man gyaɗa, wanne ne ba ya sa ƙiba?

Babu. Kalorinsu ɗaya. Jan manja yana da abin da jiki ke mayarwa bitamin A, amma in kin ɗora shi a wuta har ya yi fari yana hayaƙi, kin ƙone amfanin. Man kanti kuma ki duba alamar ido a jikin galan, ita ke nuna an sa masa bitamin A. Ki daina soya abu a man da aka yi ta maimaitawa har ya yi baƙi.

Na daina shan sukari, zuma nake sawa.

Ban musa falalar zuma ba. Amma mafi yawan abin da ke cikinta sukari ne, babban cokalinta kalori 64. In kina tsiyaya ta a kunu kamar ruwa, ba ki daina komai ba. Kuma kada a ba jaririn da bai shekara ba.

Likita ya ce Baba yana da ciwon suga. Gidanmu tukunya ɗaya ce, tuwo da shinkafa. An ce ya koma alkama da acca da wake zalla. Yaya za mu yi?

Wannan ita ce tambayar da ta cancanci a zauna. Kuma tun farko, abin da zan faɗa bai maye gurbin likitan da ya ga Baba da takardunsa ba, domin amsar tana sauyawa da irin maganin da yake sha, da shekarunsa, da lafiyar ƙodarsa.

Maganar alkama tukuna. Tuwon alkama sitaci ne kamar na dawa da na masara. Na sha ganin dattijo an hana shi malmala ɗaya ta tuwon dawa, an ba shi malmala uku ta alkama da sunan magani, sugan ya ƙi sauka, gida ya rikice ana zargin ƙwayar ce ba ta aiki. Acca abinci ce mai kyau, sai dai ita ma hatsi ce, ga tsada. Iyali su yi ta ciwo bashi saboda acca, wata biyu a gaji a watsar da komai. Wake kuwa ya fi su, saboda furotin da harzar da ke cikinsa suna sa suga ya hau a hankali. Amma a ɗaure wa tsoho wake safe da rana da dare, wannan horo ne, kuma zai koma cin abin da yake so a ɓoye. Na san su.

Abin da nake ba da shawara, ga yawancin mutane, shi ne a bar shi a tukunyar gida a gyara kwanonsa. Rabin kwanon ya zama ganye da kayan lambu: zogale, alayyahu, rama, kabeji, yalo, kuɓewa, abin da 'Yankaba ta kawo da sauƙi a lokacin. Kashi ɗaya cikin huɗu wake ko kifi ko ƙwai ko awara ko nama. Ragowar shi ne tuwon ko shinkafar, misalin dunƙulen hannunsa shi, ba na ɗansa mai ƙarfi ba. Miya ta yi yawa, tuwo ya yi kaɗan. Mu a nan akasin haka muka saba. In ya fara da kwaɗon zogale kafin ya taɓa tuwon, sau da yawa sugan ba ya yin tsalle sosai. Hatsin da ba a surfe shi tas ba ya fi wanda aka cire wa dusa duka.

Inda na fi tsoro shi ne abin sha. Koko da kunu gari ne mai laushi da aka dama, ba ya daɗewa a ciki, sai ka ga suga ya tashi ko ba a sa sukari ba. Ban ce haramun ba ne. Ƙaramin kofi tare da ƙosai biyu ko dafaffen ƙwai ya fi babban kofi shi kaɗai. Fura da nono ba sukari, nonon ya fi furar yawa, wasu tana karɓarsu, wasu ba ta karɓarsu. Zoɓo da kunun aya na sayarwa, ku ɗauka sukari ne a ciki sai in a gabanku aka haɗa. Dabino ɗaya ko biyu a buɗa-baki, ga wanda sugansa ke kan hanya, galibi ba matsala. Cika hannu matsala ce. Lemon zaƙi a ci shi da ɓargonsa ya fi a matse guda huɗu a kofi.

Kun ji ina ta cewa "galibi" da "wasu". Dalili shi ne jiki ya bambanta, kuma alƙalin shi ne na'urar gwaji. In kuna da ita, ku gwada kafin cin abinci, ku sake gwadawa bayan awa biyu. Ga mafi yawan masu ciwon ana son na bayan cin ya tsaya ƙasa da 180 a ma'aunin mg/dL, amma likitansa na iya ba shi wani adadi. Ku rubuta a littafi: tuwon masara malmala ɗaya, kaza; shinkafa da wake, kaza. Sati biyu kun san abincin gidanku fiye da ni. Tsinken gwajin da tsada, na sani, ko sau biyu a sati aka yi ya fi babu.

Sai gargaɗi biyu. Wanda ke allurar insulin ko shan ƙwayar suga irin su glibenclamide, in aka rage masa abinci kwatsam ko ya tsallake cin rana, sugansa na iya faɗuwa: gumi, karkarwa, ruɗewa, har suma. A wannan lokacin sukari ko lemo ne maganin gaggawa, in yana iya haɗiya. In ba ya iyawa, asibiti kai tsaye. Don haka a sanar da likita kafin a sauya abinci sosai, haka ma kafin azumi. Na biyu, in ƙodarsa ta taɓu, abin da na faɗa kan yawan wake da ganye zai iya sauyawa, sai an zauna da shi musamman. Ku kwantar da hankalinku, mutane na shekara ashirin da ciwon nan suna cin tuwonsu. Abin da ba na yafewa shi ne a ajiye ƙwaya a koma jiƙe-jiƙen mai lasifika a bakin kasuwa.

Ina da hawan jini, na daina sa gishiri a miya.

Magi nawa kike sawa? Kusan rabinsa gishiri ne. Abin da aka yarje wa babba a yini bai kai giram 5 ba, ƙaramin cokali ɗaya, har da wanda ke cikin biredi da yajin tsire da ƙullin ɗanɗanon taliyar yara. Ki rage, ki ƙara daddawa da albasa da citta da tafarnuwa, sati uku harshe zai saba. Ɗan gishirin da za ki sa ya zama mai aidin, saboda maƙoƙo.

Kanwa ma 'yar gidan gishiri ce. Tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka lura da yawan ciwon zuciya ga masu jego, suka danganta shi da kunun kanwa da zafin wankan jego. Iyayenmu mata, ku yi haƙuri, a sassauta wa yaran nan. Mai jegon da ƙafarta ta kumbura tana haki, asibiti za a kai ta.

An ce jinina ya yi ƙasa, ina shan maltina da madara.

Kina shan sukari da tsada. Sinadarin ƙarfe jini ke so, kuma madara ba ta da shi sosai. Hanta, nama, kifi, wake, gero, ganye. Ki haɗa da goba ko lemo ko tumatir, bitamin C na taimaka wa jiki ya tsotse shi. Shayi kuma hana shi yake yi, ki ba da tazarar awa ɗaya tsakaninsa da abinci. Mai ciki ta sha ƙwayar da aka ba ta wajen awo, ba a jera ta a kan firji ba.

Nama ya fi ƙarfinmu, yara za su samu abin gina jiki?

Za su samu. Wake, awara, alala, ɗanwake, ƙuli-ƙuli, nono, busasshen kifi a daka a miya. Ƙwai ɗaya giram 6 ne na furotin, kuma ba ya sa yaro sata, wannan zance a bar shi haka. Yaron da aka yaye kada a bar shi da farin koko tsura, a sa masa garin gyaɗa ko waken suya. Naman da ke cikin miya kuma ba na maigida ne shi kaɗai ba. In yaro ya rame ko ƙafafunsa sun kumbura, tamowa ce, ku kai shi asibiti, ga Hasiya Bayero nan.

Bikina ya kusa, ina so in ciko. Ƙawata ta kawo min sha-ka-fashe.

Ki mayar mata. Yawanci maganin asibiti irin su dexamethasone ne a ciki. Ruwa zai tarar miki, fuska ta kumbura, suga da jini su hau, fata ta tsattsage. In kin daɗe kina sha, kada ki yanke lokaci ɗaya, ki ga likita ya janye miki a hankali.

Shayin rage ƙiba fa?

Da yawansu filasko ne a kwali mai kyau. Gudawa za ki yi, ruwa ya fita, sikeli ya yi miki daɗin baki kwana biyu. Tafiyar rabin awa da sauri, kwana biyar a sati, ta fi shi, kuma kyauta ce. Ki sauka daga adaidaita kafin layinku.

Ruwan ɗumi da lemon tsami da sassafe yana narkar da kitse?

A'a. Kitsen ciki ba maiƙon kwano ba ne. Ki sha in yana miki daɗi, ki kuskure baki bayansa saboda haƙoranki.