Yaron da ya ga tashin hankali: wace kulawa ta dace da shi?

Tun 2019 da ƴan bindiga suka koro mutane daga Zamfara, Sakkwato da Katsina zuwa yankin Gidan Rumji da Madarunfa, yaran da suka ga kisa da idonsu sun yi yawa a jihar Maraɗi. Iyaye, kafin a zaɓa wa yaro hanyar kulawa, a duba abu biyu: yaushe abin ya faru, kuma shekarunsa nawa.

A watan farko, firgita cikin barci, fitsarin kwance da maƙale wa uwa ba abin mamaki ba ne. Yaro na buƙatar abinci, barci kusa da wanda ya amince da shi, da komawa lakwal ko makarantar allo. Kada a matsa masa ya ba da labari. Kada a doke shi kan fitsari, duka ƙara tsoron yake yi. Don Allah kada a sayo masa diyazefam wurin masu talla: Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗi kan ba yara irin wannan ƙwaya saboda firgici. Tana sa barci, amma tsoron yana nan, ga kuma haɗarin sabo.

In an haura wata guda yana ganin abin kamar yanzu yake faruwa, ko yana ɓuya in ya ji ƙarar babur, a kai shi CSI, wato ƙaramin asibitin gari, a nemi a tura shi wurin ma'aikacin lafiyar ƙwaƙwalwa.

Ɗan ƙasa da shekara 6, yawancin aikin da uwarsa ake yi, ta hanyar wasa da zane. Wanda ya fi haka, ana zama da shi sau ɗaya a mako, kamar sau 12 zuwa 16. Sai ya iya jan numfashi a hankali da gane abin da ke tayar masa da hankali, sannan a shiga labarin kaɗan-kaɗan. Fara labarin tun bai koyi kwantar da kansa ba shi ke sa yaro ya ƙi dawowa.

Wanda masifu suka same shi jere, akwai hanyar igiya. A shimfiɗa ta a ƙasa a matsayin rayuwarsa, ya ɗora dutse a kan kowane baƙin ciki, fure a kan kowane farin ciki, a bi su ɗaya bayan ɗaya.

Budurwar da aka yi wa fyaɗe, a kai ta likita cikin awa 72 don rigakafin sida, mace ce za ta zauna da ita, cikin sirri. Matashin da ya ambaci kashe kansa kuwa, kada a bar shi shi kaɗai, a ɓoye maganin ƙwari da wuƙa, a kai shi asibiti a ranar.