Mene ne dekupaj, kuma me ya sa roba take masa gardama?

Masu bibiyar bidiyon sana'ar hannu a YouTube da TikTok sun sha cin karo da kalmar decoupage, wadda ake furtawa dekupaj. Bafaranshiya ce, daga aikatau découper, wato yanko abu da almakashi. Abin da ake nufi da ita shi ne a yanko hoto ko zane daga takarda ko ƙyalle, a manna a jikin wani abu, sannan a bi ta kai da gam ko man sheƙi, shafi bayan shafi, har gefen takardar ya ɓace a zaci da fenti aka zana. Shafin nan na sama shi ne ya raba dekupaj da liƙa sitika. Sitika ana iya sa farce a ɗago ta, amma aikin dekupaj da ya yi kyau farce ba ya samun inda zai shiga.

Sana'ar ta tsufa. A ƙarni na 17 da na 18 attajiran Turai sun ɗora rai a kan akwatuna da kabad masu sheƙi da ake kawowa daga Sin da Japan, ga tsada, ga ƙaranci. Sai kafintocin birnin Venice na Italiya suka samo dabara: su sayi zanen da aka buga a takarda, su sa masa launi, su manna a katako, su lulluɓe da man sheƙi. Aka yi wa aikin laƙabi da lacca povera, sheƙin talaka ke nan. A wancan lokaci shafin kan kai talatin ko arba'in, ana gogewa a tsakani, aiki ne na makonni. Abin da ya sauko da shi hannun kowa shi ne gam ɗin Mod Podge, wanda wata Ba'amurkiya, Jan Wetstone, ta haɗa a shekarar 1967 a Atlanta. Kwalba ɗaya ta manna, ta rufe, ta ba da sheƙi. Shi ake nufi yau idan aka ce gam ɗin dekupaj, kuma tushensa sinadarin PVA ne, dangin farin gam ɗin kafinta irin Top Bond. Wanda bai samu na waje ba yakan sirka farin gam da ɗan ruwa, ya kuma yi aiki, ko da yake sheƙinsa da ƙarkonsa ba su kai ba.

To, ana kuma yin dekupaj a kan manyan robobin ajiya masu murfi, waɗanda ake zuba tufafi ko kayan wasan yara. Dalilin a fili yake: suna da araha, suna da amfani, amma ba su da kyan gani a ɗaki, musamman masu nuna abin da ke ciki. Sai dai a nan ne masu koyo suka fi shan kunya. Farin gam yana kama katako da kwali ne saboda suna da ƙananan ƙofofi da yake shiga ya bushe a ciki. Roba ba ta da su. Juya robar ki duba gindinta, galibi za ki ga lamba 5 da haruffan PP, ko lamba 2 da HDPE, wato alamar irin robar, kuma waɗannan biyun suna cikin robobin da gam ya fi kasa riƙewa. Aikin zai yi kyau ranar farko, bayan mako biyu kusurwa ta ɗago, a ja kaɗan ya saɓule gaba ɗaya kamar saɓar maciji.

Saboda haka rabin aikin ana yin sa ne kafin a buɗe kwalbar gam. A wanke robar da sabulu, a bi jikinta da samfefa mai laushi har santsin ya dusashe, a goge ƙurar da tsumma mai sifirit. Idan da hali a fesa fentin share fage da aka yi domin roba, fari ya fi, don takarda mai sirara tana nuna launin da ke ƙarƙashinta. Bidiyoyi da yawa suna tsallake wannan mataki don ba ya burge mai kallo, a ganina kuwa shi ne sana'ar.

Daga nan sai a shafa gam kaɗan da burushi, a ɗora takardar, a lallaɓa daga tsakiya zuwa gefe don iska ta fita. Ƙananan yanka sun fi babban falle biyayya, domin robobin nan suna da lanƙwasa, ƙasansu ma ya fi samansu tsukewa. A bar shi kamar minti 20, sannan a yi shafin sama, biyu ko uku, kowanne ya bushe kafin na gaba. Gam ɗin fari ne a jiƙe, idan ya bushe ya washe, kada a tsorata.

Me za a manna? Takardar naɗe kyauta, tsohuwar kalanda, ko hankicin takarda mai zane, wanda sai an ɓare ɓawon bayansa a bar fallen sama kaɗai. Hoton da aka buga da firinta mai tawadar ruwa yakan zuba idan gam ya taɓa shi. Ni dai ragowar atamfa da ke zube a shagon tela ta fi min duka: ba ta yagewa, tana bin lanƙwasa, kuma tana iya dacewa da labule ko zanin gado. A wanke ta tukuna don sitacin ya fita.

Bushewa daban, ƙwari daban. Masu Mod Podge sun ce sai ya yi kimanin mako huɗu kafin ya gama ƙwari, don haka kada a jera robobin wani kan wani da wuri, za su manne. Da hunturu gam yana bushewa a bakin burushi, sai a riƙa yi kaɗan-kaɗan, da damina kuma yakan daɗe yana danƙo. Gam ɗin dekupaj na gama-gari ba ya jure jiƙa, gogewa da tsumma mai laima kawai ake yi. A tsaya a bayan robar, kada a shafa a ciki inda abinci zai taɓa, kuma a bar bakin da murfi ke kamawa ba takarda, in ba haka ba murfin ba zai rufu ba.