Kiwon murjani da kifin teku a cikin gida

Kiwon murjani shi ne ajiye murjani mai rai tare da kifayen teku a cikin akwatin gilashi mai ruwan gishiri, a kwaikwayi yanayin tsaunukan murjani na tekuna masu ɗumi. Murjani dabba ce, ko da yake tana kama da dutse ko tsiro. Ƙananan halittu ne masu baki da yatsu da ke zama a dunƙule, wasunsu kuma suna gina wa kansu ƙashi na farar ƙasa.

Jan murjanin da mata ke sawa a wuya daban yake. Daga Bahar Rum ake samo shi, kuma yana cikin hajar da ayarin Sahara suka riƙa kawowa ƙasar Hausa a da ta hanyar Tarabulus, Ghat da Agadas, hanyar da ta bi ta Damagaram. A wurare masu duhu yake girma, ba shi ake kiwo a gida ba.

Tarihi

A 1832 wata Bafaranshiya, Jeanne Villepreux-Power, ta ƙera akwatunan gilashi a Sisili don nazarin halittun teku. A 1846 Anna Thynne ta kai murjani mai ƙashi Landan ta raya shi kusan shekara uku. Ba ta da injin iska, sai dai a yi ta sheƙa ruwan daga wannan mazubi zuwa wancan har ya sha iska, kuma daga bakin teku ake aiko mata da shi. Gidan namun daji na Landan ya buɗe ɗakin kifi a 1853, masanin halittu Philip Henry Gosse kuma ya yaɗa sha'awar abin a Ingila a shekarun 1850.

Duk da haka an shafe sama da ƙarni murjanin ƙasashe masu zafi yana mutuwa a hannun masu kiwo. Wajen 1961 Lee Chin Eng na Indunusiya ya nuna amfanin sa dutsen da aka ɗebo daga teku da ƙwayoyin halittarsa, shi ke tace ruwan. A shekarun 1960 aka fara sayar da gishirin teku na haɗi, wanda ya sa na nesa da gaɓa ma ya iya shiga harkar. Masu kiwo na Jamus suka ƙara da haske mai ƙarfi da na'urar da ke kwashe dauɗa ta hanyar kumfa, tsarin da ake kira na Balin. Can ne, wajen 1980, Dietrich Stüber ya ga reshen Acropora, wani nau'in murjani mai ƙashi da rassa, ya tsiro a akwatinsa, kuma har yau ana raba zuriyarsa.

Ruwa da haske

Ana son gishiri giram 35 a kowace lita, zafin ruwa kuma tsakanin digiri 24 da 27. Kalsiyam ya tsaya wajen miligiram 400 zuwa 450 a lita, domin da shi ake gina ƙashi. A cikin naman murjani akwai ƙananan tsirrai masu ƙwaya ɗaya da ke haɗa abinci da haske su ba shi kaso, shi ya sa fitila ta zama tilas. In zafi ya haura digiri 30 ya daɗe, sai murjanin ya kore su ya koma fari fat, sau da yawa ya mutu. Sabon akwati yana buƙatar mako huɗu zuwa shida kafin ƙwayoyin da ke sarrafa kashin kifi su kankama.

Kifaye

An fi son ƙanana marasa cin murjani, musamman kifin da ake kira clownfish da Turanci, mai ruwan lemo da fararen zane, wanda ake hayayyafa shi a gonakin kifi.

A Damagaram

Zinder na da nisan kusan kilomita 1,000 daga teku, saboda haka komai sai an shigo da shi. Gishirin Bilma, manda ko na miya ba za su yi ba, don ba su da ma'aunin sinadaran ruwan teku. Ruwan famfo da na 'yan ga-ruwa sai an tace shi sosai, ga shi garin ya daɗe yana fama da ƙarancin ruwa.

Babbar matsala ita ce bazara. A watan Afrilu da Mayu zafi yana wuce digiri 40, ruwan akwati ba zai zauna a 26 ba sai da na'urar sanyaya ruwa ko ɗaki mai sanyi dare da rana. In wuta ta ɗauke famfon akwati ya tsaya, iskar da ke cikin ruwan tana raguwa cikin 'yan awoyi, don haka batir da faranti mai aiki da hasken rana sun zama cikin kayan aiki na farko. Da hunturu busasshiyar iska tana shanye ruwan ta bar gishiri, sai a ga farin ɓawo ya taru a bakin gilashi. Ruwa zalla ake ƙarawa kullum a lokacin, in aka ƙara mai gishiri sai ya yi wa halittun yawa.

Taƙaddama

Ana kama wasu kifayen da gubar sayanaid a Filifin da Indunusiya, abin da doka ta hana. Cinikin murjani mai ƙashi tsakanin ƙasashe yana ƙarƙashin yarjejeniyar CITES, wadda ke sa ido kan cinikin dabbobi da tsirran da ke fuskantar barazanar ƙarewa. Masu suka na ganin harkar tana cutar da teku, masu kiwo kuma suna kafa hujja da yawan murjanin da ake dasawa yanzu daga reshe.