Me ake nufi da "bankin batir" a motar da aka mayar ɗaki?

Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, kunna janareta ya gagari gidaje da yawa a Kano, sola ta zama zancen kowa. Ta hau rufin gidaje, ta hau rufin shaguna, yanzu kuma akwai masu tunanin ɗora ta a rufin mota. A Turai da Amurka an daɗe ana sayen bas, a cire kujeru, a sa gado da firji, a mayar da ita ɗakin yawon shaƙatawa. Mu a nan buƙatar ta fi karkata ga neman na tuwo: ɗan kasuwar da yake sammakon kasuwar Wudil ranar Juma'a har ya kwana a hanya, mai sayar da lemo mai sanyi, mai ɗaukar hoton biki da yake son cajin kayan aikinsa a ƙauyen da ba wuta. Duk wanda ya ɗauki Hiace ɗinsa ya kai wa masu haɗa sola, kafin a yi maganar faifan sola sai an yi maganar bankin batir.

Bankin batir shi ne batir ɗaya ko batura da dama da aka haɗa wuri guda, suna ajiye wutar da faifan sola ya samar da rana domin a yi amfani da ita da dare ko lokacin hadari. Ba shi ne batirin da yake tayar da inji ba, kuma bai kamata ya zama shi ba. Batirin tayar da mota an yi shi ne ya ba da wuta mai ƙarfi ta 'yan daƙiƙu, nan take altaneta ta mayar masa. In aka jona masa fanka da firji ya kwana yana aiki, cikin ɗan lokaci zai mutu, kafin ya mutu kuma zai bar mutum da turin mota da asuba. Baturan banki kuwa an yi su ne a riƙa jan wutarsu a hankali na awanni, a cika su, a sake ja, kullum.

Haɗa su iri biyu ne. In aka jona kan ja na wannan da kan baƙi na wancan, ƙarfin wutar ne yake ƙaruwa: batura biyu masu bolt 12 su zama bolt 24. In kuwa aka haɗa ja da ja, baƙi da baƙi, bolt yana nan a 12, yawan abin da suke ajiyewa ne ya ninka. A ƙaramar mota an fi zama a kan bolt 12, domin fanka da fitila da firjin mota galibi da shi suke aiki kai tsaye ba sai an bi ta inbata ba, wato na'urar da take mayar da wutar batir ta zama irin ta gida. Sharaɗi ɗaya ne ba a sassauta shi: baturan su zama iri ɗaya, girma ɗaya, shekaru ɗaya. Tsohon batir in an haɗa shi da sabo, jan sabon yake yi ƙasa.

Inda aka fi cutuwa shi ne lambar da take jikin batir. Mutum zai ga an rubuta 200Ah, mai shago ya ce masa, "Alhaji, wannan ai sai ka gaji," ya biya ya ɗauka. Lambar ita kaɗai ba ta faɗi komai ba sai an ninka ta da bolt. Batir mai bolt 12 da 200Ah yana ɗauke da wat-awa 2,400, wato zai iya riƙe kayan wat 100 na awa 24 a lissafin takarda. To amma in batirin dalma ne, irin tubula ɗin da ya cika kasuwa, rabin wannan ne kawai naka. Kamar randa ce da aka ce kada a sha ta wuce rabi, in ana kwankwaɗe ta har ƙasa kullum sai ta tsage. Saura wat-awa 1,200 ke nan. Wannan ba mugunta ba ce ta masu ƙerawa, haka sinadarin yake tun da Bafaranshen nan Gaston Planté ya ƙirƙiro shi a 1859: in aka sauke shi ƙasa sosai, ko aka bar shi ba caji, wani gishiri yana daskarewa a jikin farantan dalmar, batirin ya daina riƙe wuta.

Batirin litiyom da ake sa wa a irin wannan aiki, wanda ake rubuta LiFePO4 a jikinsa, yana jure a sha kashi 80 cikin 100 ko fiye. Mai 100Ah yana da bolt 12.8, wat-awa 1,280 ke nan, a sami sama da 1,000 na amfani. Nauyinsa bai wuce kilo 12 zuwa 14 ba, alhali tubula mai 200Ah yana kaiwa kilo 60. Yana kuma jure cikawa da saukewa sau dubbai. Tsadarsa ce matsalar, amma ni a ganina a cikin mota babu zaɓin da ya kai shi.

Dalilina shi ne mota ba gida ba ce. Tubula yana da ruwan asid a ciki, a ɗaki yana zaune lafiya a kan katako, amma a hanya mai ramuka ruwan yana fantsama, ya ci ƙarfen motar, ya huda tabarma da tufafi. Idan yana caji kuma yana fitar da iskar haidurojin, wadda ba ta da wari ba ta da launi, kuma tartsatsi kaɗan ya ishe ta kamawa. A ce mutum ya rufe gilasai ya kwanta da wannan a ƙarƙashin gadonsa, abin yana tayar mini da hankali matuƙa. Wanda aljihunsa bai kai litiyom ba, ya nemi rufaffen batir na AGM ko na jel, ya yi masa akwati mai hanyar iska zuwa waje. Sai zafi. Daga Maris zuwa Mayu Kano tana haura digiri 40, cikin motar da aka rufe a rana kuwa ya fi haka nesa ba kusa ba. Batirin dalma an auna rayuwarsa ne a kan digiri 25, duk ƙarin kamar digiri 10 yana rage ta da kusan rabi. Litiyom ma ba ya son zafi. Saboda haka a ajiye banki a ƙasa, nesa da inji da salansa, inda iska take ratsawa, a ɗaure shi da ƙarfe yadda birki ba zai jefo shi ba.

Girman bankin daga kaya ake fara lissafa shi, ba daga kuɗin da ke hannu ba. A ɗauka ƙaramin firjin mota yana cin wat-awa 600 a yinin zafi, fanka biyu masu wat 20 na awa 10 su ci 400, fitilu 100, cajin waya da kwamfuta 150. Jimilla 1,250. Tubula ɗaya mai 200Ah bai ma kai ba. Litiyom biyu masu 100Ah kuwa sun ba da kusan 2,000, har da rarar yinin da rana ta ƙi fitowa. Sannan dole faifan ya iya mayar da abin da aka sha. Kano tana samun kamar awa 5 zuwa 6 na cikakkiyar rana, don haka faifai masu wat 400, bayan an cire asarar zafi da ta waya, za su kawo wajen 1,500. Babban banki da ƙaramin faifai asarar kuɗi ne, batirin ba zai taɓa cika ba. A lokacin hunturu kuwa, a hau rufin a duba: ƙura takan kwanta har ka iya rubuta sunanka da yatsa, wutar ta ragu sosai. Tsumma mai laushi da ɗan ruwa da safe ya wadatar.

Tsakanin faifai da banki akwai kwanturola, wato na'urar da take daidaita cajin, kuma irin da ake kira MPPT ta fi irin da ake kira PWM tatso wuta, abin da yake da muhimmanci a rufin da ba shi da faɗi. Mai son altaneta ta taya caji in ana tafiya, kada ya yarda rewaya ya ja waya kai tsaye zuwa litiyom, domin yana zuƙar wuta fiye da yadda altaneta za ta jure, har ta ƙone. Akwai caja ta musamman da ake kira DC-DC, ita take daidaita abin da zai wuce, ta kuma raba bankin da batirin tayar da inji.

Sai waya da fis, waɗanda su ne aka fi rainawa. Inbata mai wat 1,000 a kan bolt 12 tana jan amfiya kusan 100. Na taɓa ganin wata mota da aka yi wa wannan haɗin da siririyar wayar gida: robar ta narke ta manne da kafet, jan ƙarfen ya yi baƙi, ga warin ƙuna bai bar motar ba. Allah ne ya kiyaye mai ita bai yi barci ba. Irin wannan aiki yana son waya mai kauri, mai 25mm² zuwa 35mm² a ma'aunin da ake rubutawa jikinta, gajera iya yadda zai yiwu, da fis dab da kan ja na batir, tun kafin wayar ta je ko'ina. Duk inda za ta ratsa ƙarfen mota a sa mata roba, domin girgiza tana cin bawon waya a hankali.

Wajen sayen litiyom a tambayi mai shago ko akwai BMS a ciki, wato na'urar da take yanke wuta in batirin ya cika, ko ya yi ƙasa, ko ya yi zafi, a kuma tambayi amfiya nawa take bari ya fita, domin wadda aka yi wa iyaka da 50 ba za ta ɗauki inbatar can ba. A karɓi takardar garanti. In an kai gida a cika shi, a jona masa kayan da aka san yawan wat ɗinsu, a duba agogo. Mai 100Ah na gaskiya ya kamata ya riƙe kayan wat 100 na bolt 12 sama da awa 10, in ya mutu a awa 5 a mayar da shi tun garantin bai ƙare ba.