Ƙarya a Littafin Kuɗi: Abin da Doka Ta Tanada da Yadda Ake Bankaɗo Ta

Masu kamfanoni da shugabannin ƙungiyoyi da dama a Sakkwato sun ɗauka sai an kama ma'aikaci dumu-dumu da kuɗi a hannu sannan za a ce ya yi laifi. Doka ba ta jiran haka. Rubuta ƙarya a littafin kuɗi laifi ne mai cin gashin kansa, ko an gano inda kuɗin suka shige ko ba a gano ba. Kundin hukunta laifuka na Penal Code da jihohin Arewa suka fara aiki da shi a 1960 ya ce, a sashe na 371, duk akawu ko jami'i ko ma'aikacin da ya lalata, ko ya sauya, ko ya cusa bayanin ƙarya a littafin lissafin ubangidansa da niyyar zamba, ko ya ƙi shigar da abin da ya wajaba a shigar, zai iya shan ɗaurin da ya kai shekara 7. Hukuncin cin amana kuwa hawa-hawa ne gwargwadon nauyin amanar: har shekara 7 a sashe na 312, har 10 idan akawu ne ko ma'aikacin mai dukiyar (sashe na 314), har 14 idan ma'aikacin gwamnati ne ko na banki ko wakili (sashe na 315). Jihar Sakkwato ta sabunta nata kundin a 2019, shi ne kotunan jiha ke amfani da shi yanzu, don haka mai shigar da ƙara ya sa lauyansa ya ɗauko lambar sashe da adadin hukunci daga can.

Abin da mai gabatar da ƙara zai sha wahalar tabbatarwa shi ne niyya, domin kuskuren lissafi ba laifi ba ne. Ana gane niyya ta halin kuskuren: ya maimaitu wata bayan wata, kullum mutum ɗaya yake amfana, sannan an yi ƙoƙarin ɓoye shi, kamar yage shafi ko sauya kwanan wata. Kuskuren gaskiya yakan faɗa wa kowane ɓangare, wani lokaci har mai yin sa ne ke asara.

A matakin tarayya akwai dokar ICPC ta shekarar 2000. Sashe na 16 ya yanke shekara 7 ga jami'in da ke riƙe da kuɗi ko kayan gwamnati ya kuma miƙa bayanin ƙarya a kansu yana sane. Ba ma'aikatan gwamnati kaɗai ta shafa ba: sashe na 17 ya hau kan wanda ya yi amfani da rasit ko lissafin ƙarya don ya yaudari wanda yake yi wa aiki, da wanda ya ba shi rasit ɗin, hukuncin shekara 5. Wato mai shagon da ke bai wa jami'in sayayya rasit babu rubutu, ko ya ƙara masa adadi bisa kashe-mu-raba, shi ma yana ciki. Kotun Ƙoli ta tabbatar a 2002 cewa dokar tana aiki a kowace jiha. Hukumar EFCC ma tana da ofishin shiyya a nan Sakkwato.

Wannan ɓangaren ɓarawo ke nan. Ɓangaren da aka fi yin sakaci da shi shi ne nauyin da doka ta ɗora wa shugabanni. Dokar kamfanoni ta CAMA ta 2020 ta wajabta wa kowane kamfani ya ajiye littattafan da ke nuna shiga da fitar kuɗi na kullum, da kadarori da basussuka, da ƙidayar kayan sito a ƙarshen shekara, ya kuma adana su har shekara 6. Ƙungiyoyin da suka yi rajistar amintattu a hukumar rajistar kamfanoni ta CAC, irin su gidauniyoyi da ƙungiyoyin addini da na ci gaban gari, su ma dole su ajiye littattafai. A kamfanin da ya wuce ƙarami, sashe na 405 ya ce shugaban kamfani da shugaban sashen kuɗi su sa hannu su shaida cewa sun karanta bayanan kuɗi, babu ƙarya a ciki, sun gwada matakan tsaron kuɗi cikin kwana 90 kafin ranar rahoton, kuma sun sanar da odita, wato mai binciken lissafi, duk wata zamba da ta shafi manya, komai ƙanƙantarta. Bayan wannan sa hannu, "ban sani ba, akanta ne ya kawo mini" ta zama hujja mai rauni ƙwarai. Matsa wa odita lamba ko faɗa masa ƙarya shi ma laifi ne a dokar.

Ƙaramin kamfani, wanda cinikinsa na shekara bai haura naira miliyan 120 ba kuma kadarorinsa ba su haura miliyan 60 ba, an ɗauke masa wajibcin ɗaukar odita na waje. A ra'ayinmu wannan sassauci ya ruɗi mutane, domin an ɗauke wajibcin odita ne kawai, ba a ɗauke na ajiye littattafai ba, kuma ƙananan wurare ne suka fi faɗawa hannun mutum ɗaya.

Ko mai odita ma kada ya saki jiki. Rahoton ƙungiyar masu binciken zamba ta ACFE na 2024 ya nuna kashi 43 cikin ɗari na zambar da aka gano, ta hanyar tsegumi ne, wato wani ne ya kwarmata bayani, odita na waje kuwa kashi 3 kacal ya kama, kuma zamba takan yi kimanin shekara guda kafin asiri ya tonu. Dalili a fili yake. Odita yana zuwa sau ɗaya a shekara, yana ɗaukar samfurin takardu ne, kuma mutumin da ake zargi shi ke miƙa masa takardun. Kamfanin Cadbury na Najeriya yana da manyan masu bincike, amma a 2006 aka gano an yi shekaru ana kumbura lissafinsa da kusan naira biliyan 13. A Jamus, kamfanin Wirecard ya rushe a 2020 bayan an gano Yuro biliyan 1.9 da ya ce suna ajiye a bankunan Filifin babu su sam.

To, yaya abin yake faruwa a irin wurarenmu?

Mafi yawa shi ne toshe rami da ƙasar wani ramin. Ɗauki makarantar kuɗi: kashiya ya karɓi naira 45,000 daga mahaifin ɗalibi ranar Litinin, ya ba shi rasit, ya sa kuɗin aljihu. Ranar Alhamis wani uba ya biya, sai ya kai wannan banki da sunan na farko. Littafi ya daidaita, kowa yana da rasit, giɓin dai yana ta matsawa gaba yana girma. Ana kama shi ta jera kwanan watan rasit kusa da kwanan watan da kuɗin suka shiga banki. Idan tazarar kwana ɗaya ce a zangon farko, ta koma mako guda a na biyu, akwai magana. Irin wannan kashiya ba ya tafiya hutu, ko ba shi da lafiya sai ya lallaɓo, har a riƙa yaba masa da ƙwazo. Shi ya sa hutun dole na mako biyu a jere, wani daban na riƙe da teburinsa, ya fi kowane bincike araha.

Sai ma'aikatan bogi, wanda ba a gwamnati kaɗai ake yi ba. Gidan mai da ke da rassa a Illela da Tambuwal, ko kamfanin sarrafa shinkafa mai leburori da yawa, duk wuri ne mai sauƙi. A ɗauko takardar albashi a tace ta a kwamfuta bisa lambar asusun banki, sannan bisa lambar waya: sunaye biyu a asusu ɗaya su ne farkon abin tambaya. A gwama ta da rajistar zuwa aiki, da jerin waɗanda suka bar aiki ko suka rasu. Kuma wanda ke shigar da sabon suna a takardar albashi kada ya zama shi ke tura kuɗin.

Wajen sayayya abin ya fi dabara. Jami'i ya yi wa ƙaninsa ko matarsa rajistar kamfani, ya riƙa ba shi kwangila da aringizon farashi, ko a biya kuɗin kayan da ba su taɓa shiga sito ba. Maganinsa takardu uku ne da dole su yi magana ɗaya kafin a biya ko sisi: takardar odar kaya, takardar da mai kula da sito ya sa wa hannu cewa ya ƙirga ya karɓa, da takardar neman biya ta mai kawo kayan. Kuma hannu uku daban-daban su fitar da su. Sabon mai kawo kaya a duba sunansa a shafin CAC na intanet, a aika mutum ya ga shagon da idonsa. Rasit masu lambobi a jere daga mai kaya ɗaya, 0031, 0032, 0033, tsawon wata huɗu, suna nuna ba shi da wani abokin ciniki sai ku. Haka idan manaja yana da ikon amincewa da abin da bai kai naira 500,000 ba, sai aka ga biyan 480,000 da 495,000 sun yawaita, to ana yanka babbar sayayya ne gunduwa-gunduwa don kada ta kai teburin sama. Duk saƙon da ya ce mai kawo kaya ya sauya asusun banki, a kira shi ta tsohuwar lambar da ke cikin fayil, ba ta lambar da ke jikin saƙon ba.

Kayan sito ƙirga su ake yi, ba kallo ba. Littafi ya ce buhu 600, an jera su har rufi, amma tsakiyar jerin rami ne. Ƙidayar ba-zata, wanda ba ma'aikacin sito ba ya yi ta, a rushe jeri a auna wasu buhunan a sikeli. Kayan da ke raguwa da kansu, irin su albasa da man fetur, a tsayar da adadin ragin da aka yarda da shi a rubuce tun farko, domin a bayan "ta ruɓe" da "ya tsiyaye" ake fakewa.

Tushen duk waɗannan ɗaya ne: mutum guda yana karɓar kuɗi, shi ke rubutawa, shi ke kai banki, shi kuma ke daidaita lissafi. A Sakkwato sau da yawa mutumin nan ɗan'uwa ne, ko suruki, ko dattijon da ake jin nauyin a ce masa "Baba, ina rasit?" Hanyar kauce wa wannan kunyar ita ce a rubuta ƙa'idar tun kafin a naɗa kowa, ta hau kan kujera ba kan mutum ba. Wurin da ma'aikata uku ne kacal ma zai iya: takardar bayanin asusu ta riƙa zuwa daga banki kai tsaye ga mai kamfani ko shugaban amintattu, ya gwama ta da littafi a makon farko na kowane wata, fitar da kuɗi sai da hannu biyu, kada a taɓa sa hannu a cek babu rubutu don shugaba zai tafi Umara, kowa da lambar sirrinsa a manhajar lissafi. Alat ba shaidar biya ba ce sai an ga kuɗin a asusu. Dokar hana halasta kuɗin haram ta 2022 ma ta taimaka a nan, don ta haramta biya ko karɓar tsabar kuɗi sama da naira miliyan 5 ga mutum, ko miliyan 10 ga kamfani, ba ta hanyar banki ba, ta kuma hana rarraba ciniki don kauce wa iyakar.

Tunda tsegumi ne ya fi kama zamba, a samar masa hanyar da ba ta bi ta teburin manaja ko akanta ba, lambar waya ko akwatin da wani amintacce kaɗai ke buɗewa. Idan dukiyar gwamnatin tarayya ce, akwai tsarin masu kwarmata bayanai na Disamban 2016 da ke ba da ladan kashi 2.5 zuwa 5 na abin da aka ƙwato, sai dai tsari ne na gwamnati, ba dokar majalisa ba, don haka kariyarsa ga mai tona asiri ba ta da ƙarfi. Dokar ICPC kuwa ta hana bayyana sunan wanda ya ba hukumar bayani. Kuɗin jiha kuma Babban Mai Binciken Kuɗi na Jiha ke bin su, bisa sashe na 125 na tsarin mulki, ya miƙa rahoto ga Majalisar Dokoki.

Ranar da aka gano ɓarna, a nan ake yawan lalata shari'a. Kada a fara da kiran wanda ake zargi. A fara killace ainihin littattafai da kututturen rasit, a toshe masa shiga manhaja da asusu, a ɗauki kwafin kwamfutar ba tare da kowa ya shiga yana bincike a cikinta ba. Sannan a ba shi takardar neman bahasi a rubuce, a saurare shi, domin kotun ma'aikata takan juya korar da aka yi ba a ji ta bakin mutum ba. Kulle shi a ofis, ko duka, ko tilasta masa rubuta "na amsa laifina" yana jawo wa mai kamfani nasa laifin, kuma sashe na 29 na dokar shaida ta 2011 ya sa kotu ta yi watsi da irin wannan ikirari. A bambance kuma tsakanin zamba da bashi: dokar 'yan sanda ta 2020 ta hana kama mutum a kan saɓa yarjejeniya kawai. Idan dangi suka zo da sulhu aka mayar da kuɗi, wannan bai goge laifin a idon doka ba, kodayake kotu takan duba shi wajen sassauci, kuma a rubuta yarjejeniyar a gaban lauya. Duk takardar da aka buga daga kwamfuta, har da bayanin asusun banki, sai ta cika sharuɗɗan sashe na 84 na dokar shaida kafin kotu ta karɓe ta, don haka a nemi banki ya haɗo da takardar shaidar ingancin na'urarsa tun lokacin da ake karɓar bayanin.