Mene ne cunkoson ɗaukaka ƙara a diyyar tsoffin sojojin Amurka?

A Amurka, sojan da ya bar aiki da rauni ko da ciwon da ya samo asali daga aikin soja yana da haƙƙin karɓar diyya duk wata daga Ma'aikatar Kula da Tsoffin Sojoji, wadda aka fi sani da VA. Ma'aikatar ce ke duba takardunsa, ta tura shi wurin likita idan da buƙata, sannan ta yanke masa matakin nakasa tsakanin kashi 0 da kashi 100, hawa goma-goma, kuma da wannan mataki ake lissafa kuɗin da zai riƙa samu. Idan aka hana shi, ko aka ba shi matakin da yake ganin bai kai girman lalurarsa ba, doka ta ba shi shekara guda ya ƙalubalanci hukuncin. Tarin irin waɗannan ƙorafe-ƙorafe da ke zaune suna jiran a waiwaye su shi ake nufi da cunkoson ɗaukaka ƙara.

Ya kamata mai karatu ya raba wannan da wani cunkoson da jami'ai suka fi ambata. A lissafin ma'aikatar, buƙatar diyya tana shiga cunkoso ne idan ta wuce kwana 125 ba a yanke mata hukunci ba, kuma a watan Maris na 2013 adadin irin waɗannan ya kai kusan 611,000. Aka tashi haiƙan aka rage shi sosai cikin shekaru biyu, aka kuma mayar da fayilolin takarda cikin kwamfuta. Sai dai wannan ƙidaya ba ta haɗa da masu ɗaukaka ƙara ba. Yayin da ake hanzarta yanke hukunci a matakin farko, waɗanda ba su gamsu ba suna ta ƙaruwa, har ƙararrakinsu suka haura 400,000 kafin 2017. Ofishin binciken ayyukan gwamnati na majalisar dokokin ƙasar ya gano cewa a 2015 mai ɗaukaka ƙara yana jira kimanin shekara 3, wanda kuma ƙararsa ta kai gaban babbar hukumar ɗaukaka ƙara ta ma'aikatar, wadda aka kafa tun 1933, yana kai shekara 5.

Babban dalilin wannan jinkiri yana cikin tsarin da kansa, kuma abin takaicin shi ne ƙa'idojin da suka haifar da shi an yi su ne domin taimakon tsohon sojan. A tsohon tsari, mutum yana iya kawo sabuwar hujja a kowane lokaci, ita kuma ma'aikatar doka ta ɗora mata nauyin taya shi nemo takardun asibiti da na soja. Duk lokacin da sabuwar takarda ta shigo, sai a sake nazarin fayil. Idan alƙalin hukumar ya ga cewa gwajin likita bai cika ba, ko an bar wata takarda ba a nemo ba, ba zai ce an ba shi ko an hana shi ba, sai ya mayar da ƙarar ofishin yankin da ta fito domin a gyara. Kafin a gama gyaran, wataƙila ciwon ya tsananta, gwajin baya ya tsufa, a sake neman wani. Haka ƙara ɗaya kan yi ta kai da komo tsakanin ofishin yanki da hukumar, wani lokaci har da kotun musamman ta ƙararrakin tsoffin sojoji da aka kafa a 1988, ba tare da an taɓa kai ƙarshenta ba.

Ita ma hujjar ba ta da sauƙin samu. Ana buƙatar a nuna cewa ciwon yana nan a yanzu, cewa wani abu ya faru da mutumin a lokacin aikin soja, da kuma alaƙa tsakanin biyun, wadda galibi likita ne ke tabbatar da ita. Ga tsoffin da suka yi aiki kafin shekarun 1960, gobarar da ta tashi a ma'ajiyar takardun ma'aikata da ke Sent Luwis a watan Yuli na 1973 ta cinye fayiloli tsakanin miliyan 16 da 18, don haka da yawansu ba su da takardar da za su nuna.

A 2017 aka yi dokar sabunta tsarin, ta fara aiki a watan Fabrairu na 2019, ta buɗe hanyoyi uku. Mutum yana iya neman wani babban jami'i ya sake duba fayil ɗinsa yadda yake, ko ya kawo sabuwar hujja a sake yanke hukunci, kuma a waɗannan biyun ma'aikatar ta sa wa kanta burin kwana 125. Hanya ta uku ita ce tafiya gaban hukumar, inda burin yake shekara guda ga wanda bai ƙara hujja ba. Wanda ya nemi alƙali ya saurare shi baki da baki shi ya fi kowa daɗewa, alhali sau da yawa shi ne mai labarin da takarda ba ta iya ɗauka. Dokar da Shugaba Biden ya sa wa hannu a watan Agusta na 2022, wadda ta amince da cututtukan da hayaƙin ramukan ƙona shara ya jawo wa sojojin Amurka da suka yi aiki a Iraƙi da Afganistan, ta yi adalci ga dubban mutane, amma ta kuma kawo ambaliyar sabbin buƙatu a kan ma'aikatan da tuni aiki ya yi musu yawa.

Akwai abin da ke rage raɗaɗin jiran. Wanda ya bi ƙararsa ba tare da ya bar wa'adi ya wuce shi ba, idan ya yi nasara ana biyansa bashin watannin baya tun daga ranar da haƙƙinsa ya fara. Amma ba a ɗora wa kuɗin riba, kuma ba sa dawo da gidan da aka rasa saboda kasa biyan haya, wanda a ganina shi ne gibin da ya fi cancantar a yi magana a kansa. Hukumar tana bin layi ne bisa ranar shigar da ƙara, sai dai tana iya gabatar da wanda ya kai shekara 75, ko mai ciwo mai tsanani, ko wanda matsin rayuwa ya kai shi bango, idan ya nema. Tun daga 2008 kuma, idan tsohon soja ya rasu ƙararsa tana jira, matarsa ko wani magajin da doka ta amince da shi yana da shekara guda ya nemi a sa shi a madadinsa, ya ci gaba daga inda mamacin ya tsaya.