Waiwaye: yadda tallafin gidaje a Legas ya koma hannun masu takarda

Annoba ce ta fara sa gwamnati gina gidaje a Legas. A 1928 Turawa suka kafa hukumar raya birnin Legas, LEDB, don rushe unguwanni masu cunkoso, kuma ita ce ta kwashe mutanen tsakiyar Ikko zuwa Surulere a shekarun 1950. A 1972 aka haɗe ta da wasu hukumomi ta zama LSDPC, hukumar raya ƙasa da gidaje ta jihar Legas.

Da kuɗin fetur ya shigo, gwamnatin tarayya ta gina unguwar Festac don bikin al'adun baƙar fata na 1977, aka raba gidajen da ƙuri'a. Sai Lateef Jakande, gwamnan Legas daga 1979 zuwa 1983, ya zuba rukunin gidaje masu araha a Amuwo-Odofin, Abesan, Iba, Isolo da Iponri. A lokacin tallafin a jikin ginin yake: fili na gwamnati, hanya da ruwa nata, farashi kuma daidai aljihun ƙaramin ma'aikaci. A ganinmu ba a sake yin kamarsa ba.

Daga 1992 salon ya sauya. Asusun gidaje na ƙasa, NHF, yana cire kashi 2.5 na albashi, wanda ya yi wata 6 yana zubi zai iya neman rance ta bankin jinginar gida, a kan ruwa kashi 6, biya har shekara 30. Jiha ma ta bi sahu. Shirin Lagos HOMS na 2014 ya nemi kashi 30 a hannu, ragowar a shekara 10. Da aka ga kafin alƙalamin ya yi nauyi, a 2016 aka kawo tsarin haya har gida ya zama naka, da kashi 5 kacal a farko.

Inda gizo ke saƙa shi ne takarda. Banki ba ya karɓar jinginar gida sai da shaidar mallaka, kuma tun Dokar Filaye ta 1978 sayarwa ko jingina sai da amincewar gwamna, abin da ke cin watanni da kuɗi. Ana kuma son shaidar albashi da ta biyan haraji. Dillalin tumatir a Mile 12 ko mai canji a Agege yana iya juya kuɗin da ya fi albashin darakta, amma cinikinsa hannu da hannu ne. Ga kuma masu gudun riba, waɗanda ko kashi 6 ɗin ba za su taɓa ba.

Shi ya sa yawancin mutanenmu a Idi-Araba da Agege har yau haya suke biya ta shekara guda a dunƙule, ga la'adar dillali a kai, in an samu rara a tura gida Arewa a sayi bulo.